Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jigawa: A Kafa 'Yan Sa-kai Masu Kashe Gobara a Ƙauyuka

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa,
Malam Umar Namadi,
Gidan Gwamnati, Dutse.



Ranka ya daɗe, na ɗauki alƙalami ne a kan buƙata guda ɗaya. Ina roƙon gwamnatinka ta kafa rundunar 'yan sa-kai masu kashe gobara a ƙauyukan jihar nan, a ba su horo da kayan aiki, a ɗaure musu gindi da doka, sannan a haɗa su da ƙananan tashoshin kashe gobara a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma. Na zaɓi in rubuto a fili ne domin ina son shugabannin ƙananan hukumominmu 27 da 'yan majalisar dokoki da iyayenmu sarakuna su ji maganar tare da kai, tunda kowannensu yana da kason da zai ɗauka a cikinta.

Duk wanda ya taso a karkara ya san lokacin da hankalin magidanta ke tashi. Da zarar an gama kaka, iskar hunturu ta fara kaɗawa, gari kan cika da abin da wuta ke so. Kara ya bushe an tsayar da shi a jikin katanga, an ɗora harawa a kan rumfuna da rassan itatuwa, an jibge riɗi da zoɓo ana jiran ranar kasuwa, rumbuna sun cika da gero da dawa. Darni na kara ne, jinka ta ciyawa ce, kuma gida na manne da gida. A daidai wannan lokaci ne tsofaffi ke shiga ɗaki da kaskon garwashi don jin ɗumi, yara na hura wuta a lungu da sassafe, masu farautar ɓera da gafiya na cinna wa daji wuta, mai gona na ƙone sharar gonarsa. Zamani kuma ya ƙaro nasa: tukunyar gas ta shigo ƙauye, an ja wayoyin sola ba tare da ƙwararre ba, ga jarkokin fetur na 'yan bumburutu da na masu noman rani a ajiye cikin ɗakin da ake kwana.

Idan wuta ta tashi a irin wannan wuri, ba ta jiran kowa. Kafin a yi ihu a taru ta haye gida na biyu, kafin a ɗebo ruwa daga rijiya iska ta ɗauki tartsatsi ta jefa a kan rumbun maƙwabci. Abin da manomi ya yi wata biyar yana wahala a kansa, tun daga shuka har girbi, yakan zama toka kafin a yi sallar magariba a idar da nafila. Ga shi ba shi da inshora, ba shi da ajiyar banki; rumbunsa da awakinsa su ne dukiyarsa. Bayan kwana biyu sai wakilan hukuma su zo jaje da buhunan hatsi da tabarmi da bandir ɗin kwano. Allah ya saka da alheri, ana godiya. Sai dai jaje ba ya mayar da amfanin shekara, ballantana ya dawo da yaron da hayaƙi ya shaƙe yana barci.

Ranka ya daɗe, bari mu yi lissafin da kowa zai iya yi da yatsunsa. A ce ƙauye yana da nisan kilomita 40 daga garin da ke da motar kwana-kwana. A ce akwai sabis na waya a ƙauyen, kuma wani yana da lambar ofishin, an kira an ɗauka nan take, motar tana da mai, tankinta cike yake da ruwa, direba yana kusa. Ko da duk waɗannan sun cika, babbar mota mai ɗauke da nauyin ruwa ba za ta wuce gudun kilomita 60 a sa'a ba a kan hanyoyinmu, ke nan sai ta ci minti 40 kafin ta iso, in ma kwalta ce har ƙofar gida. Idan hanyar burji ce ko ta yashi, irin wadda ake bi a shiga ƙauyukan Birniwa ko Gwiwa ko Sule Tankarkar, sai abin da hali ya yi. Gidan kara kuwa ba ya kai rabin wannan lokaci yana ci. In motar ta iso, ruwan cikinta lita dubu kaɗan ne, a 'yan mintoci ya ƙare, kuma babu famfon da za ta sake sha a kusa.

Wannan lissafi shi ya sa nake ganin sayen manyan motoci kaɗai ba zai warware matsalar karkara ba, ko nawa aka kashe. Jiharmu ta kai faɗin murabba'in kilomita sama da 22,000, kuma mafi yawan mutanenta a ƙauyuka suke zaune. Babu gwamnatin da za ta iya ajiye mota da ma'aikata masu albashi a kowane gari. Minti goma na farko, waɗanda su ne ke yanke hukuncin ko ɗaki ɗaya zai ƙone ko unguwa guda, kullum a hannun maƙwabta suke. Su ne ke isowa da bokiti da tulu da ganyen dogon yaro. Abin da ya rage mana mu yanke shi ne, shin za su ci gaba da isowa da zuciya kawai, ko kuwa da sani da kayan aiki?

Babu ɗan Jigawa da zai manta da daren Talata, 15 ga Oktoba, 2024, a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura. Tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi, fetur ya malale ya bi magudanar ruwa, jama'a suka fito da jarkoki da bokitai suna kwasa, sai wuta ta tashi. Washegari aka yi jana'izar sama da mutum 100 a kabari guda, aka rarraba waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da sauransu, kuma daga baya adadin mamatan ya haura 200. Allah ya jiƙansu da rahama, ya ba iyalansu haƙuri. Kai da kanka ka je garin, ka ga abin da ido ba ya son gani. Wata uku bayan haka, a Janairun 2025, irin wannan masifa ta sake aukuwa a mararrabar Dikko ta jihar Neja, ta ci rayuka da dama.

Ba na da'awar cewa matasa goma da bokitin yashi za su iya kashe wutar tankar mai. Wannan aikin kumfa ne da manyan motoci da ƙwararru. Amma tsakanin faɗuwar tanka da tashin wuta akwai wani ɗan lokaci, kuma a cikinsa ne ake tsira ko a halaka. 'Yan sanda sun ce sun yi ƙoƙarin korar jama'a, yawan mutane ya fi ƙarfinsu. To, da a ce a garin akwai mutum ashirin 'yan gari, waɗanda kowa ya san iyayensu, waɗanda aka koya musu cewa tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa da kwatami ya yi nisa, kuma tartsatsin salansar babur ko gogar bokitin ƙarfe da dutse ya isa ya tayar da shi. Da a ce suna da igiya da usur da lasifika da umarnin dagaci a bayansu, su tare hanya, su kashe injuna, su riƙe 'yan'uwansu da hannu. Ina kyautata zaton da gidaje da yawa ba su yi zaman makoki ba. Na san talauci ne ya fitar da mutane a daren, a lokacin da litar mai ta kai wajen naira 1,000. Amma mai jin yunwa ma yakan saurari ɗan unguwarsu fiye da yadda zai saurari baƙo mai kaki.

Ba hanyoyin tanka kaɗai ke da wannan haɗari ba. A Fabrairun 2025 gobarar dare ta kashe almajirai 17 a wata makarantar allo a Ƙaura Namoda ta jihar Zamfara. A maƙwabciyarmu Nijar, azuzuwan zana sun kama da wuta a Yamai a Afrilun 2021, yara 20 suka rasu, sannan a Nuwamban shekarar aka sake yin irinta a Maraɗi, inda sama da yara 20 suka salwanta. Muna da tsangayoyi a kowane lungu na jihar nan, da yawa a cikinsu ɗakunan kara da langa-langa ne, ƙofa ɗaya, ga kara da itacen karatun dare a jibge. Muna da manyan kasuwannin ƙauye irin su Maigatari da Gujungu da Sara da Shuwarin, inda rumfuna ke haɗe da juna, mai tuya na kusa da mai sayar da fetur. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, mutanen da za su yi aikin suna nan, ba sai an nemo su ba. Al'adarmu ta gayya ba ta mutu ba. Dubi 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, yadda suke tsayuwa cikin rana ranar Juma'a da ranar idi suna tsara sahu da ababen hawa, babu wanda ke biyansu. Dubi 'yan sintiri da ke kwana a waje don gari ya yi barci. Dubi matasan da suka riƙa cika buhunan yashi suna tare ambaliya a yankin Haɗeja da Auyo da Kafin Hausa a daminar 2020 da ta 2022, da waɗanda ke shiga ruwa suna yanke kacalla don kogi ya samu hanya. Ga 'yan ga-ruwa da kurarsu, ga manoman fadama waɗanda kowannensu ya san yadda ake tayar da injin ban-ruwa, a haɗa tiyo, a ja ruwa daga nesa. Rabin ilimin kashe gobarar ƙauye yana hannun mai noman rani tun tuni. Abin da ya rage shi ne a tsara su, a koya musu sauran rabin.

Sauran rabin nan kuwa shi ne ke raba taimako da ɓarna. Mutum mai kyakkyawar niyya yakan watsa ruwa a wutar fetur, man ya taso saman ruwan ya bi shi ya bazu. Yakan zuba ruwa a kaskon mai da ya kama, wutar ta yi tsalle ta kama jinka, alhali murfi ko jiƙaƙƙen buhu ya wadatar. Yakan taɓa wutar lantarki da ruwa ba tare da an yanke layin ba. Wanda rigarsa ta kama yakan zura da gudu, iska ta ƙara hura ta, maimakon ya faɗi ƙasa ya yi birgima. Idan aka ciro wanda ya ƙone, sai ka ga an fasa masa ƙwai ko an shafa manja ko man goge baki ko gishiri, alhali abin da likitoci suka ce shi ne a yi ta zuba ruwa mai tsabta a wurin na kimanin minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a garzaya asibiti. Mutane da yawa ba su san cewa hayaƙi ya fi harshen wuta kisa ba, kuma mai son fita daga ɗakin da ya turnuƙe sai ya duƙa ƙasa-ƙasa. Duk wannan karatun 'yan kwanaki ne, ba ya buƙatar takardar shaidar makaranta.

Ranka ya daɗe, ƙasashen da suka fi mu arziki ma da 'yan sa-kai suke riƙe da karkararsu. A Jamus akwai masu kashe gobara na sa-kai kimanin miliyan ɗaya. Ma'aikata masu albashi galibi a manyan birane suke. Doka ce ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma nauyin samar da rundunarta da kayan aikinta, kuma idan ƙararrawa ta kaɗa dole mai gidan aiki ya saki ma'aikacinsa ya tafi, hukuma ta biya ladan sa'o'in da ya rasa. A Faransa kusan kashi 80 cikin 100 na masu kashe gobara 'yan sa-kai ne. A Amurka ma su ne mafi rinjaye, musamman a ƙananan garuruwa. A ƙasar Chile kuwa, tun da aka kafa rundunar farko a birnin Valparaíso a 1851, aikin na 'yan sa-kai ne har a babban birnin ƙasar.

Idan aka ce waɗannan sun yi mana nisa, ga Ghana nan kusa. Bayan fari da wutar daji ta 1983 da ta cinye gonaki da dazuzzuka ta jefa ƙasar cikin yunwa, sun kafa doka a 1990 a kan hana wutar daji, wadda ta tanadi a samar da ƙungiyar 'yan sa-kai a garuruwa da ƙauyuka, hukumar kashe gobara ta ƙasa ta riƙa horar da su. A Nijar kuma, a yankunan makiyaya, bayan damina akan ɗauki mutanen ƙauye su share dogayen layuka a cikin daji, su cire ciyawa ƙarƙaf, domin idan wuta ta taso ta iso wurin ta rasa abin ci ta mutu. Darasin Ghana yana da fuska biyu, kuma ya kamata mu ɗauki duka biyun: tsarin yana aiki inda aka kula da shi, yana kuma yin sanyi inda aka bar 'yan sa-kai babu takalmi babu adda babu mai waiwayarsu.

Ga abin da nake roƙo dalla-dalla.

Na farko, a aika wa Majalisar Dokokin Jiha ƙudurin doka. Abin da aka kafa da sanarwar baki yakan tafi da wanda ya furta shi. Dokar ta fayyace wane ne ɗan sa-kai, wa ke zaɓensa, wa ke ba shi umarni, da irin ikon da yake da shi a lokacin gobara: ya tare hanya, ya kori jama'a, ya rushe darni ko rumfa don yanke wa wuta hanya ba tare da an kai shi gaban alƙali washegari ba. A sa rundunar a ƙarƙashin hukumar kashe gobara ta jiha, kada a ƙirƙiro wata sabuwar hukuma mai shugaba da motocin ofis.

Na biyu, a fara da mazaɓu. Muna da mazaɓu 287. Idan aka ɗauki mutum 15 a kowace, an samu mutum 4,305. A bar wa dagatai da masu unguwanni da limamai zaɓen, da sharaɗin mutum mazaunin garin ne rani da damina, yana da sana'arsa, kuma an shaide shi da natsuwa. Wanda ke tafiya cirani da zarar an gama girbi ba zai yi amfani ba, domin lokacin da ba ya nan ne ake buƙatarsa. Kuma a sa mata a ciki. Sau da yawa gobarar gida daga madafa take tashi, da rana, lokacin da maza suna gona ko kasuwa. Matar da ta san yadda ake rufe tukunyar gas da yadda ake kashe wutar mai, ta kuma koya wa maƙwabtanta a islamiyya da gidan biki, ta hana gobarar da ba za a taɓa jin labarinta ba.

Na uku, kayan aiki daidai ƙauye. Kowace mazaɓa ta samu babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a ɗora masa tankin ruwa da injin ban-ruwa da doguwar tiyo. Irin wannan yana shiga lungun da babbar mota ba ta shiga, kuma duk bakanike na bakin kasuwa zai iya gyara shi. A haɗa da bokitan yashi, da shebur, da gatari, da tsani, da tocila, da tukwanen kashe wuta na hoda, da akwatin taimakon farko, da takalma da safar hannu da hular kwano. Sannan ruwa: duk rijiyar burtsatse mai sola da gwamnati za ta gina daga yanzu, a sa mata baki na musamman mai faɗi wanda za a iya cika tanki da shi cikin hanzari, kuma a gina matattarar ruwa a kowace babbar kasuwa.

Na huɗu, ƙaramar tasha a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, da mota ɗaya matsakaiciya da ƙwararrun ma'aikata kaɗan masu karɓa-karɓa dare da rana. Su ne za su horar da 'yan sa-kai, su riƙa zagayawa suna duba kayan aiki, su kawo ɗauki idan abu ya fi ƙarfin ƙauye. Tashoshin da ke kan manyan hanyoyin da tankokin mai ke bi, kamar hanyar Kano zuwa Haɗeja da ta Kano zuwa Maiduguri da ta ratsa Birnin Kudu, a ba su kumfar kashe wutar mai. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, ya dace man mota da gyaran tasha su zama wajibi a kasafin kowace ƙaramar hukuma, jiha kuma ta ɗauki horo da albashi da sayen manyan kaya.

Na biyar, hanyar kira. Lambar gaggawa ta ƙasa, 112, a tabbatar tana shiga daga ƙauyuka kuma mai ɗauka yana jin Hausa da Fulatanci. A rubuta lambar shugaban 'yan sa-kai da ta tasha mafi kusa a bangon masallaci da makaranta da ƙofar gidan dagaci. Lasifikar masallaci kuwa ta riga ta zama ƙararrawar gari. A amince da wata sanarwa guda wadda kowa zai gane da ya ji.

Na shida, kuma shi ne wanda na fi jin tsoron a manta: haƙƙin ɗan sa-kai. Mutumin da ya shiga wuta don ceton ɗan wani, idan ya ƙone, kada a bar iyalinsa suna yawon neman kuɗin magani. A sa su a tsarin inshorar lafiya na jiha, a tanadi diyya ga wanda ya nakasa ko ya rasu a bakin aiki, a ba su ɗan abin sayen sabulu ranar horo. Idan za a ɗauki sabbin ma'aikatan kashe gobara, a fara duba waɗanda suka yi shekaru suna yi kyauta.

Na san abin da za a ce. Za a ce babu kuɗi. Amsata ita ce a kwatanta kuɗin babbar motar kwana-kwana guda da aka shigo da ita daga waje da adadin baburan da kuɗin zai saya, sannan a haɗa da abin da ake kashewa kowace shekara wajen kayan jaje. Ba kuma dole a yi duka a shekara guda ba. A gwada a ƙaramar hukuma ɗaya daga kowace masarauta, Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, a ga abin da hunturu biyu za su nuna, a gyara kurakurai, sannan a faɗaɗa. Masu gidajen mai da ƙungiyoyin direbobin tanka da 'yan kasuwa su ma suna da abin da za su sa, domin dukiyarsu ce ake tsarewa.

Za a kuma ce abin zai zama na siyasa, a cika shi da 'yan jagaliya, babur ya koma ɗaukar kayan kansila, injin ya ƙare a gonar wani. Wannan tsoro yana da tushe, mun ga yadda wasu tsare-tsare masu kyau suka lalace ta haka. Maganinsa shi ne kada jerin sunaye ya fito daga ofishin jam'iyya, a damƙa kayan a gaban jama'a a hannun dagaci, a rubuta, kuma jami'in tasha ya zo duba su kowane wata ya kai rahoto. Kayan da gari ya san nasa ne, gari ne ke tsaronsa.

Akwai kuma masu cewa gobara ƙaddara ce. Haka ne, komai da ƙaddarar Allah yake. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa lokacin da wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mutane su riƙa kashe wuta kafin su kwanta. Ashe rigakafin gobara sunna ce. Ina roƙon a nemi limaman Juma'a su ware huɗuba guda a farkon kowane hunturu a kan wannan, gidajen rediyon jiha kuma su ba 'yan kwana-kwana fili su yi bayani da bakinsu.

Kafin in rufe, ina son in ce wani abu game da ma'aikatan kashe gobara na yanzu. Sau da yawa a ƙasar nan idan suka iso a makare, ko ruwansu ya ƙare, jifa da zagi ne ke tarbarsu. Ba su suka nisanta tasha da ƙauye ba, ba su suka hana famfo kawo ruwa ba. Yawancinsu suna fita ne da kayan da suka tsufa, suna sa ransu a haɗari a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Tsarin da nake roƙo zai sauƙaƙa musu: za su iso su tarar an yanke wa wuta hanya, an kori 'yan kallo, an san inda ruwa yake, an kuma ƙirga mutanen gida an san ko akwai wanda ya rage a ciki. Kada kuma a ɗauki samun 'yan sa-kai a matsayin dalilin rage musu kasafi. Ɗan sa-kai ba shi da amfani idan babu ƙwararren da zai koya masa, ya kuma zo masa da ɗauki.

Ranka ya daɗe, gwamnatinka ta ba noma muhimmanci, ana maganar alkama da shinkafa da faɗaɗa noman rani. Duk buhun da aka ƙara samu a gona a ƙauye zai kwana, cikin rumbun kara ko ɗakin ajiya, kusa da jarkar man injin da aka yi ban-ruwan da shi. Wanda ya taimaki manomi ya noma, ya dace ya taimake shi ya tsare abin da ya noma. Ina fatan kafin iskar hunturu mai zuwa ta kaɗa za mu ji an miƙa ƙudurin doka ga majalisa, an kuma fara horar da rukunin farko. Idan za a zaɓi inda za a soma, ina ba da shawarar a soma da Taura, domin mutanen can ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Allah ya yi maka jagora, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya tsare jiharmu da ƙasarmu daga gobara da ambaliya da sauran masifu. Amin.

Wassalam.

Naka mai fatan alheri,
Wani ɗan jihar Jigawa.